Jakar ƙarƙashin sirdi: wacce zan saya, me zan zuba?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Wata uku ke nan da na sayi keken tsere na gwanjo, mai siririyar taya, kuma tun daga ranar a aljihun bayan riga nake cusa kayan gyara. Ranar Asabar da muka je Wudil, tun daga Mariri alanki yake sukata a ƙugu, na dawo gida da shati kamar an yi min ƙaho. Ina so in sayi 'yar jakar nan da ake ɗaurewa a ƙarƙashin sirdi. Na ga iri uku a Sabon Gari: wata 'yar mitsitsiya kamar sabulun wanka, wata matsakaiciya, sai wata babba da mai shagon ya ce har kwanon abinci za ta ci. Raina ya fi kwantawa da babbar tunda bambancin kuɗin ba yawa. Me kuka gani?

Sarkin Faci: Wa alaikumus salam. Kada ka sayi komai tukuna. Shimfiɗa tabarma, ka zube duk abin da kake fita da shi, ka faɗa mana ɗaya bayan ɗaya. Tela ba ya yanka yadi bai ga mai rigar ba.

Ɗan Gwale: To Oga. Tif biyu, kwalin faci, sholisho, alanki shida a zobe ɗaya, filaya, sukundireba, sifana mai daidaitawa, famfo, sai cokali biyu.

'Yar Tudu: Cokali kuma? Tuwo ake rabawa a hanyar Wudil?

Ɗan Gwale: Na ɓanɓare taya ne, Anti. Da su na ga ana yi tun ina yaro.

Sarkin Faci: Mayar wa Hajiya cokulanta tun kafin ta ƙirga. A kan tsohon keke mai rim na ƙarfe cokali ba ya ɓarna sosai, amma naka rim ɗin na alminiyom ne, zai kankare shi, kuma bakin cokali yana cizon tif. Sau nawa yaro zai kawo min keke ya ce ya yi faci iska ta ƙi zama, in buɗe in ga huji biyu gefe da gefe, shi da hannunsa ya yi su wajen mayar da taya. Liba ta roba guda biyu ta ishe ka, kuma suna shiga cikin juna kamar 'yan biyu, ba sa cin wuri.

Yanzu duba ƙafar kekenka. Da noti aka ɗaure ta, ko da 'yar maƙatar nan da ake ɓallewa da hannu? In maƙata ce, sifana ba ta da aiki a jikin keken nan, ka bar ta a gida. Filaya ma haka. Alanki shida ɗin, ka je ka gwada su a kan kowane ƙusa na keken, za ka tarar lamba 4 da 5 ne suke yin kusan komai, sai 6 jefi-jefi. Ka sayi ɗan ƙarfen nan mai ninkewa kamar wuƙar aljihu, yana ɗauke da su duka har da sukundireba. In birkinka na faifai ne, ka tabbatar akwai mai bakin tauraro, T25, don shi ke ɗaure faifan. Tif ɗaya, ba biyu ba. Faci yana nan don huji na biyu. Famfo kuma ba kayan jaka ba ne, a jikin keke ake maƙala shi gefen mariƙin gorar ruwa.

Da ka yi wannan tankaɗe, abin da ya rage tafin hannunka biyu za su rufe shi. To ka ga babbar jaka me za ka zuba mata? Iska?

Baba Mai Raleigh: Yaran zamani kuna ta wahala da abin da muka gama tun kafin a haife ku. Raleigh ɗina na Ingila da jakarsa ya zo, ta fata, tana rataye a kunnuwa biyu da ke bayan sirdi. A ciki akwai sifana ɗaya mai bakuna da yawa, da gwangwanin faci, da 'yar robar bawul. Shi ke nan. Da ita na yi shekaru ina zuwa Bichi ina dawowa. Da Phoenix na Sin ya shigo, shi ma haka muka yi masa. Ba mu taɓa zama muna muhawara a kan jaka ba.

Ɗan Gwale: Allah ya ƙara girma Baba. Ai ku kekunanku ba sa lalacewa.

Baba Mai Raleigh: Suna lalacewa ɗana, sai dai kowane ƙauye akwai wanda ya san ciwonsu. Naku kuwa baƙi ne.

Na Maraɗi: Maganar Baba ta ƙarshe ita ce maganar. Bari in ba ku abin da ya same ni, don abin da ya fi komai ƙanƙanta a jakata shi ya fi komai daraja. Bara na fita wajen gari da keke mai bawul siriri, wanda ake ce wa Presta, mai ɗan kan da ake murɗawa kafin a sa iska. Taya ta sace, famfona kuma ya tsage a baki. Na tura keke har wani ƙauye, na tarar da mai faci da injinsa na iska sabo fil. Ya kalli bawul ɗina, ya kalle ni, ya juya shi, ya ce "wannan allura ce ko me?" Bakin injinsa na bawul ɗin mota da babur ne, mai kauri, wato Schrader. Ga iska a gabana ta ishi tirela, ga ni ba halin in sa ko numfashi ɗaya. Muka yi ta naɗa leda da roba muna dannawa, rabi na shiga rabi na fita, yara sun zagaye mu suna dariya.

Akwai wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gyaɗa da ake murɗawa a kan Presta ya koma irin na mota. Tun daga ranar ba na fita ba shi. Ɗan Gwale, in jakar da za ka saya tana da ɗan aljihu na raga a ciki, wannan ɗakinsa ne, don in ka jefa shi haka kawai sai ka zazzage komai a ƙasa kafin ka gan shi.

Sarkin Faci: Gaskiya ne, kuma ni ma da nake sana'ar sai da masu irin kekunanku suka yawaita na ajiye guda a akwatina. Ƙari a kai: in za ka sayi tif, kada ka ce wa mai shago "ba ni na keken tsere" kawai. Karanta gefen tayarka. Naka zai nuna 700 da wata lamba, 25 ko 28, kuma kusa da shi za ka ga 622. Na Baba ana ce masa inci 28, amma lambarsa 635 ce, ba ɗaya ba ne. Na hawan dutse mai inci 26 kuma 559. Sannan ka auna tsawon bawul. Rim mai zurfi yana son bawul mai milimita 60, in ka sayi gajere kansa ba zai leƙo yadda famfo zai kama ba. Na ga wanda ya yi wata shida yana yawo da tif ɗin da ba zai shiga kekensa ba.

Malamin Lissafi: Ni dai mitsitsiyar nake goyon baya. Ana auna waɗannan jakunkuna da lita. Ƙananan suna tsakanin lita 0.3 zuwa 0.5, matsakaita wajen lita ɗaya, daga nan kuma an shiga kayan tafiyar kwana. Mai keken tsere rabin lita ta ishe shi har da canji. Duk abin da ya wuce haka kaya ne kake hawa da shi tudu kana saukowa da shi ba dalili.

'Yar Tudu: Malam, kai a Kano kake inda ƙasa take shimfiɗe kamar faranti, shi ya sa kake lissafin tudu a takarda. Zo Jos mu hau wajen duwatsun Shere ka ga tudu. Kuma duk da haka ni lita ɗaya nake ɗauka, don tif ɗin inci 29 in ka naɗe shi ya kai ƙullin sakwara, shi kaɗai zai cika taka rabin litar. Ba na ce Ɗan Gwale ya sayi irin tawa ba. Cewa nake kada a yanke wa kowa hukunci ɗaya.

Malamin Lissafi: Na karɓa, Anti. Amma shi tambayarsa a kan keken tsere ce.

'Yar Tudu: Shi ma ina jin tsoron mitsitsiyar a gare shi, kuma ga dalilina. Cusa kaya a ƙaramar jaka a ɗaki, kana zaune a kan kujera, fanka na kaɗawa, abu ne mai sauƙi. Ka matsa nan, ka danna can, zif ya rufe da ƙyar, ka ji daɗi. To ranar da taya ta sace fa? Kana tsugune a gefen titi, hannu duk baƙin mai, rana na dukan ƙeya, tirela na wucewa tana watsa maka ƙura, kuma tsohon tif ɗin da ka cire ba zai taɓa naɗuwa kamar yadda kamfani ya naɗe sabo ba. Sai ka ga ka tashi da shi rataye a wuya kamar carbi. A bar ɗan sarari, kamar yatsa biyu. Amma ba sararin da kaya za su riƙa rawa ba.

Sarkin Faci: Ta faɗi abin da nake jira. Rawar kaya ita ce cutar babbar jaka, ba nauyi ba. Wani ɗan zauren nan, ba zan kira suna ba, ya san kansa, ya sayi babba ya zuba sabon tif tare da ƙarfen alanki tsirara. Wata biyu suna gugar juna a kan ramukan hanya. Ranar da ƙaya ta kama shi a hanyar Tiga, ya fito da sabon tif yana taƙama, ya sa, ya yi ta famfo har gumi ya jiƙa masa riga, taya ko motsi. Da ya kawo min na hura na tsoma a ruwa, kumfa ta tashi ta wuri uku, duk a kan lanƙwasar naɗin, daidai inda ƙarfe ke gugarsa.

Malamin Lissafi: Oga, ai da ka kira sunan kawai, kowa ya gane ni ne.

Sarkin Faci: Allah ya ba ka haƙuri Malam, ni dai ban faɗa ba. Maganinsa araha ne: a fitar da iskar tif tas, a naɗe shi bawul na ciki da hularsa a kai, a ɗaure da roba, a barbaɗa masa 'yar hoda, a sa shi cikin tsohuwar safa. Ƙarfen kuma a naɗe shi da tsumma. Safar za ta zame maka abin kama sarƙa in ta zube, tsumman kuma ka goge hannu. In ka girgiza jaka ka ji ƙwaram-ƙwaram, ba ka gama shiri ba.

Ɗan Gwale: To an kashe babbar. Saura maganar ɗauri. Wasu da madauri mai mannewa suke, wanda in ka ɓare yake ƙara, wasu kuma da wata roba da ake ɗaurewa da ƙusa a ƙarfen sirdi, jakar ta shiga ta ce ƙas.

Na Maraɗi: Mai mannewan nan ni ƙarangiya nake ce masa, kuma ba ƙarya na yi ba. Wani injiniya ɗan Switzerland, George de Mestral, shi ya ƙirƙiro shi bayan ya duba irin 'ya'yan ciyawar da suka maƙale a gashin karensa a 1941. Mu da ƙarangiya ta cika mana wando tun kaka da kakanni, cirewa kawai muke muna tsaki.

Baba Mai Raleigh: Da mun sani da tuni mun yi kuɗi.

'Yar Tudu: Halin ƙarangiyar ma bai bari ba. In jakar tana da madauri na uku da ke zagaye sandar sirdi, gefensa mai kaushi yana cin wando ta cikin cinya. Na yi asarar wando mai tsada kafin in gane ɓarawon. Ko ka yanke rarar madaurin da almakashi, ko ka nemi wadda ƙarafunan ƙarƙashin sirdi kawai take kamawa. Kuma ka hau keken ka juya feda kafin ka biya kuɗi, in cinyarka tana taɓa jakar ko kaɗan, a kilomita 50 za ta zame maka masifa.

Ɗan Kasuwa: Ni mai ƙas ɗin nake amfani da ita, ta kamfanin Topeak, kuma dalilina ɗaya ne. Da keke nake zuwa shago, da shi nake tsayawa masallaci. Jakar da za ka bari a jikin keke ka shiga sallah, to ka yi sadaka da ita. Wannan dannawa ɗaya na cire, na jefa a aljihu. Mai madauri kafin ka zare ka mayar sau biyar a rana ka gaji, ranar da ka ce bari in bar ta yau kawai, ranar za a ɗauke.

Sarkin Faci: Taka ta asali ce Alhaji. Akwai kwaikwayo da yawa a kasuwa, robarsu in ta sha rana wata shida sai ta bushe, rami ɗaya ta ɓalle, jaka ta faɗi ba ka ji ba. Madauri ko ya tsufa yana ba da sanarwa, kuma in ya mutu tela zai sa maka wani. Roba in ta karye sai dai juji. Ga mai sayen gwanjo ko abin da bai san asalinsa ba, ni madauri nake cewa.

Ɗan Kasuwa: Ban musa ba. Amma in Ɗan Gwale zai riƙa ajiye keke a waje, ya yi tunani.

Ɗan Gwale: Motsa jiki kawai nake da shi, daga gida sai gida. Ruwa fa? Mai shagon ya rantse min ba ta shan ruwa.

'Yar Tudu: Kowane mai shago haka yake rantsuwa. Wurin da jakar take shi ne daidai inda tayar baya ke feso ruwa da taɓo, kuma keken tsere ba shi da abin tare taɓo. Yadin zai iya hana ruwa, amma ɗinki da zif suna sha. Masu hana ruwa na gaskiya, irin na Ortlieb ta Jamus, ba ɗinka su ake ba, manne su ake da zafi, bakin kuma naɗe shi ake. Kuɗinsu sai ka sayi taya. Mu nan da damina ta fi taku tsawo, dabarata leda ce: komai a cikin leda, sannan a jaka. In na sha ruwa a hanya, ina isa gida na zazzage na shanya, in ba haka ba alanki ya yi tsatsa ya ƙi buɗuwa.

Na Maraɗi: Mu kuma ƙura ce. Da hunturu zif yana cika da rairayi har ya ƙi tafiya, ka ja da ƙarfi ya rabu biyu. Ku nemi mai manyan haƙora, ku riƙa goga masa kyandir. Ko ku huta da zif gaba ɗaya: tawa wani baduku ya ɗinka min da fatar akuya, na kai masa kayan a ƙulle na ce ya auna a jikinsu, ya sa mata maɗauri biyu irin na takalmi. Jikka biyu na ba shi wancan lokacin.

Ɗan Gwale: Jaka biyu? Naira 400 ke nan fa! Turo min shi.

Na Maraɗi: Kai ɗan Najeriya, jikkarmu sefa 1,000 ce, ba naira 200 irin taku ba. Kuma dukawa ai kun fi mu su, ka shiga Kurmi.

Malamin Lissafi: Ba wanda ya ambaci 'yar kwalbar iskar nan ta CO2. Giram 16 ce, cikin daƙiƙu ta cika tayar tsere, kuma tana shiga ƙaramar jaka.

Sarkin Faci: Harbi ɗaya gare ta Malam. In bakin bai zauna daidai ba, fuuu, ta tafi, ka tsaya da kwalba mai sanyin ƙanƙara a hannu. Iskarta kuma tana saurin fita ta jikin roba, washegari sai ka sake famfo. Ga wahalar samu a nan. Mai gasa ya ɗauka, ni ban hana ba, amma famfo ba ya ƙarewa. Abin da na fi so ku kula da shi sholisho ne. Da an huda bakinsa ya fara mutuwa, balle a watan Afrilu da zafin Kano ke wuce digiri 40, jaka baƙa tana gasuwa a rana. Kana ganin bututun a kumbure ka zaci da abu, ka matsa sai iska. Ka sa ɗan ƙarami wanda ba a huda ba, kana buɗewa ka nemi magajinsa. In ka shafa kuma ka jira ya bushe, kamar minti 5, kafin ka ɗora faci. Gaggawa ce take sa faci tashi.

Ɗan Kasuwa: Ni kuma ina ajiye naira 50 ta leda a ciki. In kwalba ta yanka tayar kanta har tif na leƙowa, sai ka ninke ta ka shimfiɗa ta ciki, ta kai ka gida.

Shugaban Zaure: Alhaji, a yi hattara da wannan shawarar a zaure. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta wulaƙanta naira, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. A yanka bututun man goge baki da ya ƙare, ko gefen tsohuwar taya, aikin ɗaya ne. Kuɗi a ajiye su don ruwa da mai faci.

Ɗan Kasuwa: Na janye, ranka ya daɗe. Naira 50 ɗin ma yanzu ko ruwan ba ta cika saye ba.

Shugaban Zaure: Abu ɗaya da ban ga an taɓa ba: fitilar baya. Da yawanku kuna ɗaura ta a sandar sirdi, jaka ta sauko ta rufe ta, kuna fita da asuba kuna zaton ana ganinku. A duba jakar da ke da 'yar maratayar fitila a bayanta, ko a sauko da fitilar ƙasa.

Ɗan Gwale: Salam. Na dawo da rahoto bayan sati biyu. Na ƙulle kayana a leda na tafi da su kasuwa kamar yadda Na Maraɗi ya yi wa badukunsa, na gwada a jaka huɗu a gaban mai shago yana ta hararata. Mitsitsiyar ta ƙi rufuwa da safar a ciki. Na ɗauki wadda ta ɗara ta kaɗan, madauri ɗaya mai faɗi, zif ɗaya, akwai wurin fitila. Jiya a hanyar Kura taya ta sace. Na cire, na sa sabon tif, na yi famfo, na hau ina jin kaina gwani. Ko kilomita ɗaya ban yi ba ta sake sacewa.

Sarkin Faci: Ba ka shafa cikin tayar ba.

Ɗan Gwale: Ban shafa ba, Oga. Ƙayar tsidau ce, kanta ya karye a ciki, ido ba ya gani sai yatsa. Sai da na zaro ta da farce. Na yi faci a gindin wata bishiyar darbejiya, na jira minti biyar ɗin har da ƙari, ya kama. Tsohon tif ɗin ma ya koma jaka, Anti, ban rataya a wuya ba.

'Yar Tudu: Madalla da ƙanena. Cokulan fa?

Ɗan Gwale: Sun koma kicin. Sai dai liba ɗaya ta karye wajen mayar da taya. Wa ke da ta aro kafin Asabar?

Sarkin Faci: Ba a mayar da taya da liba, da babban yatsa ake yi. Biyo ta rumfa gobe bayan la'asar da ƙafar keken, in nuna maka.